Wuƙar Mama Afiniki Ba Ta Kwana a Gidan Kowa

Jama'a, a yi shiru, mai tari ya haɗiye tarinsa. Ga ta nan tafe: Afiniki matar marigayi Meshak, Gwamnar Citta ta Kagoma da kewaye, Janar mai yatsu tara da rabi, wadda ko jirgin Kafanchan ya hango ta a bakin layi sai ya rage gudu ya yi gaisuwa. Ba ta da lambar girma, ba ta taɓa fitowa a jarida ba, takalminta ma na taya ne. Amma ni Kumai, ɗan ƙanwarta Helen, wanda ya yi aji biyu a sakandare kafin shugaban makaranta ya ga ilmina ya isa haka, na ɗauki alƙalami in ba ku tarihinta. In ban rubuta ba wa zai rubuta?

An haife ta a ƙauyenmu, shekarar da fara ta cinye dawa, abin da ya sa take cewa tun ranar farko ba ta saba a ajiye mata abinci ba. Ta auri Meshak, lebura mai gyaran layin dogo, suka zauna a barikin reluwe na Kafanchan. Can ta koyi Hausa, irin ta bariki, wadda kowane abu a cikinta namiji ne, har kaza mai ƙwai. Ciwon ƙirji ya ɗauke Meshak ana tsakiyar yaƙin basasa. Reluwe suka ce ɗakin nasu ne, ta kwashe 'ya'ya huɗu da tukwane ta dawo ƙauye, ta kama gonar citta da ya bari a gindin dutse. Tun daga nan ba wanda ya ji ta ce wayyo. Ana cewa ta yi kuka ranar jana'iza, amma ban samu wanda ya gani da idonsa ba.

Wanda bai san citta ba sai a shayi ko a yaji, bari in gaya masa, tono ba shi ne aikin ba. Idan ruwa ya ɗauke aka tone ta, sai a wanke, a tsaga kowace saiwa gida biyu a tsaye, a shanya a kan falalen dutse har ta bushe ƙarau. Wadda ba a tsaga ba ba ta bushewa. In aka bar ta a tare sai ta yi gumi, fumfuna ta kama ta daga ƙasa, ta yi baƙi, dillali ko kallonta ba zai yi ba. Kuma mutum ɗaya ba ya tsage cittar gona guda kafin ta lalace. Shi ya sa matan Zumunta na majami'armu suke yin gayya, yau gidan wannan, jibi gidan waccan, har a zagaye kowa.

Gayyar tana da dokarta. Akwai wani tsohon tire mai zanen furanni da ake ajiyewa a tsakiya. Kowace mace ta iso sai ta kwance bakin zane ta jefa wuƙarta a ciki. A yi addu'a, sannan a ɗauka, babba ta fara, a gangaro har kan amaryar bana. Wadda ta zo hannu wofi ita ma ta miƙa hannu, ba mai tambayarta. In wuƙaƙe sun ƙare, sauran su tafi wanki da shanya. Da yamma kuma, wadda ke hannunki ita za ki naɗe ki tafi da ita gida, wadda ta rasa yau za ta samu jibi. Ba a taɓa faɗa a kan wannan ba, don duk wuƙaƙen uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Gobe-ka-dawo muke kiranta, don abin da mai sayarwa ke nufi ke nan idan ya ce maka sai an jima. A ƙasa ake zuba su a kasuwar Kafanchan kamar tumatir. Mai naɗewa ce, kuma mata na son haka, don a ƙulle ta a bakin zane, a goya yaro, a yi tafiya ba fargaba. Mariƙinta gwangwani ne da aka shafa wa fenti ya yi kama da itace. Bakinta kuwa, a faɗi gaskiya ko ta maƙiyi ce, yana jin wasawa: a goga shi a kowane dutse, ko a gindin tukunya, nan take ya ɗauki kaifi. Sai dai kafin a gama kwando ɗaya ya manta. In ruwan citta ya kwana a jikinta, da safe ta yi ja kamar ta sha manja. Babban aibinta shi ne ƙusa ɗaya tak ce ta haɗa baki da mariƙi. Ran da ƙusar ta kwance, wuƙar za ta rufe kanta lokacin da ta ga dama, ba sallama.

Haka ta yi wa Mama Afiniki a kakar 1974. Ta samu wata saiwa mai taurin kai, ta danna da ƙarfi, wuƙar ta naɗe a kan manuniyarta ta dama. Aka zuba kananzir, aka ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki har yamma. Yatsa ya kumbura, ya fara wari, a asibiti aka datse gaɓa ɗaya don a tsirar da saura.

Da na je duba ta, ba zafin ne ke cin ta ba.

"Wuƙan da ya cije ni ba nawa ba ne, ɗan Helen," ta ce. "Nawa na buga masa ƙusa da dutse tun da safe, ya zauna daram. Wani ya ɗauka. Ni kuma na ɗauki na mutum da bai duba nasa ba."

Ta yi shekara guda tana tauna wannan maganar.

Shekarar da ta biyo ita ce ta kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, lokacin da kowane ma'aikaci a Kafanchan ya sayi rediyo ko babur, wasu ma suka sayi firji suka kai ƙauyen da ba lantarki. Mama Afiniki ba ta da Udoji, tana da akuya. Ta sayar da ita, ta ce in raka ta gari tun da ina iya karanta rubutun jikin kwali. Muka shiga kantin wani Silvanus kusa da tasha, inda ake ajiye kayan manya cikin akwatin gilashi. Ta nuna wata wuƙa a ciki da guntun yatsa.

"Na maigida ne, Mama?" in ji Silvanus.

"Maigida yana wurin Ubangiji, ba ya yanka kome."

"To, Mama, wannan ta injiniyoyi ce da masu farauta da bindiga. Ga irin naku can ƙasa cikin kwali, ki zaɓi biyu ma in rage miki."

"Na san su. Ɗan'uwansu ne ya ci wannan." Ta ɗora masa yatsan a kan gilashi. "Fito da shi."

Ya fito da ita yana riƙe da ita kamar jariri. Mariƙin ƙaho, baki da gindi an ɗaure da tagulla, ƙusoshi uku. Bakinta fari fat, na ga haƙorana a ciki. In aka buɗe sai ta ce ƙas, kuma ba za ta rufu ba sai an danna wani wuri a bayanta. Tana da nauyi, za ta yi Gobe-ka-dawo uku. Na karanta kwalin na ce an rubuta ba ta tsatsa har abada.

"Har abada na Allah ne kaɗai," ta ce. "Ba ni."

Ta kwance bakin zane ta fito da saiwar citta da ta taho da ita tun daga gida, ta tsaga. Wuƙar ta wuce kamar cikin dafaffen rogo. Sannan ta juya ta, ta ɗora bayan bakin a gefen tebur, ta kwanta a kai da dukan nauyinta don ta ga ko za ta naɗe.

"Mama! Mama, kayan mutane!" Silvanus ya ɗora hannu a ka.

Tebur ne ya yi ƙara, wuƙar ba ta motsa ba. Ta biya ba ta nemi ragi ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko a wurin mai gishiri.

Gayyar farko ta shekarar a gidan Mama Paulina aka yi. Ita ce shugabar Zumunta, matar dattijon ikilisiya, doguwa, mai muryar da in ta ɗaga waƙa tsuntsayen rufin majami'a sai su fita. Rana ɗaya aka yi musu baftisma da Mama Afiniki a rafi ɗaya, kuma tun ran nan kowace ke ganin ɗayar ce ruwan bai ratsa sosai ba. Ni ina wurin ne don maza ke ɗauko buhuna daga gona, kuma akwai kunu.

Mata suka jefa wuƙaƙe. Mama Afiniki ta jefa sabuwar Gobe-ka-dawo da ta saya musamman. Aka yi addu'a, aka ɗauka. Da layi ya zo kanta ba ta miƙa hannu ba, sai ta kwance ɗaya bakin zanen. Ƙas. Duk wurin ya juyo.

"Afiniki, tire yana jiranki," in ji Mama Paulina.

"Na jefa."

"Na ga kin jefa. Na hannunki fa?"

"Wannan ba ya shiga."

"Udoji ya sauka gidan Meshak!" wata ta ce daga baya. Wata ta ce a raɗa masa suna a kai shi baftisma. Aka yi dariya, amma Mama Paulina ba ta yi ba.

"Afiniki, shekaran da Meshak ya mutu, da me kika zo gayya?"

"Da hannu."

"Wa ya tambaye ki ina wuƙanki?"

"Ba kowa."

"To tire ne ya rufa miki asiri. Yau kin sayar da akuya kin fi ƙarfin tire? In kowa ya zo da nasa ya riƙe, mai wofi zai zauna yana kallon hannun mutane. Abin da kike so ke nan?"

Ni kaina na ji maganar ta shige ni. Mama Afiniki ta ɗaga manuniyarta sama yadda kowa zai gani.

"Tire ya rufa mini asiri, na gode masa. Tire kuma ya ci yatsana, ban ji ya ce mini sannu ba. Na kawo wa mai wofi nasa, ga shi can sabo. Amma hannuna ba zai ƙara taɓa gwangwani ba, kuma wuƙana ba zai kwana gidan kowa ba."

"Hannun da bai ɗauka daga tire ba, ba ya cikin gayya. Haka muka tarar."

"To ku riƙe gayyanku."

Ta danna bayan wuƙar ta naɗe ta a hankali, ta ƙulle, ta karkaɗe zane, ta fita ana ɗauko kunu. Ni na tsaya na sha nata da nawa, don kada a ce gidanmu duka sun yi fushi.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne gidanta ne na uku a layi, kuma ta riga ta sa mun tone gonar gaba ɗaya. Ba ta taɓa samun citta kamar ta shekarar ba. Tarin ya kai ƙirjina, yana nan a inuwar ɗorawa a bayan gida. Da shi za a ci, da shi Bernice autarta za ta ci gaba da zama a makarantar horon malamai. Ranar layinta ta zo, ta dafa kunu tukunya guda ko da za a zo. Ba wanda ya zo. Muna jin waƙarsu daga gidan da ke bayan nata.

Ta zuba wa aladu kunun, ta ja kujera gaban tarin, ta ce ƙas.

Nan na ga abin da kuɗin akuya ke yi, da abin da ba ya yi. Wuƙar ba ta naɗe ba ko sau ɗaya. Ta kwana da ruwan citta a jiki ta tashi fari fat. Kaifin da Gobe-ka-dawo ke mantawa a kwando ɗaya, ita ta riƙe shi kwana da kwanaki. Tsagarta a miƙe, ba ta marmashe saiwa, cittar da ta fito daga hannunta ta bushe fara tas. Amma nauyinta ya kumbura wa Mama wuyan hannu har ta riƙa ɗaure shi da tsumma. Kuma wuƙa ɗaya ce, hannu ɗaya. Tana tsagawa daga sama, tarin yana dahuwa daga ƙasa.

Na zauna na taya ta da wata tsohuwar Gobe-ka-dawo har hantsi, sai wani direba ya aiko yana neman karen mota zuwa Jos, kuma mutum ba ya ƙin kiran arziki. Da na dawo na tarar da ita a gindin dutsen wasa wuƙa tana zage-zage da yarenmu. Sarauniyar wuƙaƙe ta dakushe a ƙarshe, kuma ta ƙi wasuwa. Ƙarfenta ya fi ƙarfin dutsenmu. Tana gogawa dutsen ne ke zubar da gari, wuƙar tana kallonsa. Dole ta bar aiki ta tafi Kafanchan wurin wani tsohon abokin Meshak a loko, inda ake gyaran kan jirgi, mai dutsen da ake juyawa da ƙafa. Yini guda ya tafi a hanya. Washegari ta zura hannu ƙarƙashin tarin, ta fito da shi da ɗumi da wari. Cittar ta yi baƙi, da farin gashin fumfuna a jiki. Ta cika daro ta kai bayan garken aladu ta zubar, ta dawo ta sake cikawa. Ni ma na ga ba ranar wasa ba ce.

Da la'asar na kawo mata shawara irin ta masu ilmi.

"Mama, mu shafa mata baƙin tukunya, mu naɗe mariƙin da tsumma mai datti. In kin jefa a tire ba mai ɗauka, za su ce ta mahaukaci ce. Sai ki ɗauki abarki."

"Na sayar da akuya don in yi wa abu kwalliya da baƙin tukunya?"

"To ran Lahadi ki tashi a sujada ki ce Shaiɗan ne. Kowa ma haka yake cewa, kuma Shaiɗan bai taɓa musu ba."

"Ba Shaiɗan ba ne, ni ne. In na ce shi ne na yi masa ƙarya."

Fasto ma ya zo da kekensa don ya yi sulhu. Ta ba shi ruwa, ta ba shi wuƙar ya gani. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya aske gashin hannunsa da ita, ya tambayi sunan kantin. Sai da ya hau keke ya tuna abin da ya kawo shi, ya ce mata daga kan sirdi haƙuri maganin zaman duniya. Ta ce ya gaya wa Paulina, ita ce ba ta da shi.

Tarin yana raguwa ta sama da ta ƙasa, kuma na ƙasa ya fi sauri. Kowa a ƙauye ya san haka, don warin yana kaiwa har hanyar rafi. Mata na wucewa suna rage murya. Na san da yawansu na so su shigo, amma ba mai tsallake Mama Paulina. Jira ake Afiniki ta zo da kai a ƙasa.

Ta zo ɗin, ranar gayyar gidan Lucy, wata ƙaramar matar aure da wannan ne nomanta na farko. Sai dai kanta ba a ƙasa yake ba. Ina sauke buhu na gan ta ta shigo tsakar gida, waƙa ta tsaya a tsakiyar baiti. Ta gaida kowa da sunansa, ta durƙusa gaban tire, ta fito da wuƙar ta ajiye a tsakiyar 'yan gwangwani, kamar ɗan sanda cikin ɓarayin kaji.

Sai a nan aka lura da igiyar. A gindin wuƙar akwai ɗan zoben tagulla. Ta murɗa igiyar rama da kanta, mai kauri, ta ɗaura a zoben, ɗaya bakin kuma ta zagaya shi a ƙugunta ta yi ƙulli irin na ɗaure sa. Tsawonta bai fi kamu biyu ba.

"Ga shi a tire," ta ce. "Mai so ya ɗauka."

"Wannan igiyan fa?" in ji Mama Paulina.

"Doka ya ce wuƙa ya shiga tire. Ya shiga. Ban ji inda doka ya yi maganan igiya ba. Ko akwai, Mama Shugaba?"

Aka yi addu'a mafi gajarta da aka taɓa yi a Zumunta. Babba ce ke fara ɗauka, babba kuwa ita ce Mama Paulina. Da ta tsallake wuƙar, da an ce ta ji tsoro. Ta miƙa hannu ta ɗauke ta. Igiya ta miƙe, Mama Afiniki ta matso, ta zauna gwiwa da gwiwa da ita.

Da layi ya zo kan Mama Afiniki, ta leƙa tire ta naɗe hannu.

"Ni nawa yana aiki. Ku ba masu ƙaramin shekaru."

"To tashi ki je wanki," in ji Mama Paulina.

"Ina so in je. Kin ɗaure ni."

Wata yarinya ta toshe baki da gyale ta fita da gudu. Mama Paulina ta yi ƙoƙarin buɗe wuƙar da farce, ta ƙi. Mama Afiniki ta nuna mata inda ake kamawa. Ƙas. Aka fara aiki, ita kuma ta zauna hannu a cinya kamar sufeton gona.

"A tsaye, Paulina, ba a karkace ba. Ba gwangwani ba ne, kar ki danna, shi zai tafi da kansa. Kai, kin ɓata wannan. Lucy, yi haƙuri, Mama Shugaba yana koyo ne."

"Afiniki, rufe mini baki."

"Hannuna ba aiki, bakina ma ya zauna? Wannan saiwan babba ne, juya shi. Haka Meshak yake koya wa sabon lebura riƙon diga."

Mama Paulina ta ɗaga waƙa don ta danne ta, Mama Afiniki ta karɓa da ƙarfi daidai kunnenta. Mama Paulina ta miƙe za ta zagaya bayan gida da wuƙar a hannu, Mama Afiniki ta miƙe tare da ita. Ta koma ta zauna. Lucy kuwa tana kai da kawowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai, tana kallon cittarta, tana kallon hannu biyu mafi sauri a ƙauyen suna hutawa a cinya.

"Mama Paulina, don Allah," ta ce a ƙarshe. "Rana yana tafiya."

Mama Paulina ta tsaya. Ta murza wuyan hannunta, ta dubi wuƙar gaba da baya.

"Nauyi kamar zunubi," ta ce. "In yamma ya yi, wanda ke hannuna da shi zan tafi gida. Kin san doka."

"Na sani. Ki tafi da shi. Amma da ni za ki tafi, kuma ina cin tuwon acca kwano biyu, ina minshari. Ki gaya wa Baba Dattijo ya matsa."

Nan Zumunta ta fashe. Har tsohuwar da ba ta ji sosai tana dariya tana tambayar me aka ce. Mama Paulina ta jefa mata wuƙar a cinya, ta ja tire ta ɗauki wata Gobe-ka-dawo, ta girgiza ta kusa da kunne ta ji ƙusar na rawa, ta ɗauki dutse ta buga mata sau biyu kafin ta fara.

"Hannunki ya shiga tire," ta ce ba ta dube ta ba. "Amma layinki ya wuce. Ke ce ƙarshe."

"Na ji."

"Kuma kunu da sukari."

"Ba sukari. Akuya ya tafi da shi."

Haka aka yi. Sun zo gidanta bayan an gama da kowa, da waƙarsu da tirensu, suka tsage abin da ya saura a yini ɗaya. Abin da ya saura ɗin bai fi rabi ba. Bernice ta koma makaranta, amma ba a yi sabon zane a gidan ba Kirsimatin nan, nama kuma sai wanda maƙwabta suka aiko. Har yau ba wata mace a ƙauyenmu da ta sayi irin wuƙar, sun ce su ba su da akuyar zubarwa. Ita kuma har yau tana zuwa kowace gayya da igiyarta a ƙugu, ta ajiye wuƙar a tire, kowa ya kewaye ta kamar kashin kare, ta ɗauki abarta. In ta dakushe ta hau mota zuwa loko tana ƙunƙuni. Na tambaye ta ko in an mayar da ita ranar da muka shiga kantin Silvanus za ta sake saya, ta dube ni kamar na tambaye ta ko za ta sake haihuwar 'ya'yanta.

Kwana kaɗan bayan gayyar gidanta na same ta a kan falalen dutse tana juya shanya. Na hau wani tudu, na cire hula, na buɗe murya yadda masu wucewa za su ji.

"Mama, kin ci yaƙi! Mace ɗaya da igiyar rama ta durƙusar da Zumunta, da shugabarta, da tire, da Fasto da kekensa! Gwamnati ta ji labari, za a sa sunanki a jikin jirgi!"

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wani tsagi ta karya ta ji ko ya bushe, ta mayar.

"Rabin cittana yana bayan garken alade. Matsa daga nan, inuwanka yana kan shanya."